Ɓarawo ya hauro da dare na buge shi, ƴan unguwa suka jibge shi: a ina kare kai ya tsaya?

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya tsare gaba. Sai da na karanta saƙonka sau biyu kafin in fara rubutu. Ka ce wajen ƙarfe 3 na dare ka ji motsi a tsakar gida, ka fito ka tarar mutum ya hauro katanga yana fama da makullin moton da kake kabu-kabu da shi, da ya gan ka ya zaro wuƙa, kai kuma ka rarumi taɓarya ka sauke mishi a kafaɗa ya zube, ka yi kururuwa mutanen kartiye suka fito suka ɗaure shi jikin dogon yaro aka yi ta jibga har kiran assalatu, kai ma da zuciya ta ɗebe ka ka ƙara mishi biyu ko uku, yanzu yana kwance a likita ba ya ko magana. Tambayarka biyu ce, ko akwai laifi a kanka, sannan me ya sa hukuma ke da ikon hukunta mutum amma kai da aka shigo wa gida ba ka da shi, alhali in an kai su komisariya wani lokaci kwana biyu ka gan su a fada suna shan shayi.

Na yi shekaru ina aikin magatakarda a gidan shari'a, irin wannan dosiye ya bi ta hannuna ba sau ɗaya ba, kuma fiƙihun da na sani a zaure na koye shi gaban malamanmu na unguwar Birni a Damagaram, to da su biyun zan amsa maka. Abin da nike so ka fara riƙewa shi ne a daren nan duka iri biyu aka yi. Taɓaryar farko daban, abin da ya faru jikin dogon yaro daban, ko da yake hannu ɗaya ne, dare ɗaya ne, ɓarawon ma shi ne dai.

Taɓaryar farko ba ka da laifi a kanta ko kaɗan, kar ka bari kowa ya sa maka waswasi. Dokar laifuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961 aka yi ta mata gyare-gyare daga baya, ta ce babu laifi in larurar kare kai ko kare wani ce ta tilasta aikin a daidai lokacin, abin da ƴan justis ke cewa lejitim defans. Har ma ta ware yanayi biyu ta ce waɗannan suna ciki kai tsaye, na ɗaya wanda ya tunkuɗe mai hauro katanga ko mai fasa ƙofar gidan da mutane ke kwana cikinsa da dare, na biyu wanda ya kare kansa daga masu sata ko kwasar ganima da ƙarfin tsiya. Kai duka biyun sun same ka, dare ne, haurowa ya yi, ga wuƙa. Wannan tsari daga tsohuwar dokar Faransa ta 1810 muka gaje shi, kuma hikimar ware dare a fili take, cikin duhu ba ka san mutum nawa ne ba, ba ka san abin da ke hannunsa ba, maƙwabta na barci, ga iyali a ɗaki, ba wanda zai ce ka tsaya ka auna nauyin taɓarya. Da rana ne da maganar ta ɗan sauya, nan doka sassauci take yi maka, ba ta wanke ka tas ba.

A addini ma haka ne, malamai suna kiransa daf'us sa'il, wato tunkuɗe mai kawo farmaki. Akwai hadisin Abu Huraira a Muslim, wani ya zo ya ce ya Manzon Allah in mutum ya zo zai ƙwace dukiyata fa, ya ce kar ka ba shi, ya ce in ya yaƙe ni fa, ya ce ka yaƙe shi, ya ce in ya kashe ni, ya ce ka yi shahada, ya ce in ni na kashe shi, ya ce yana wuta. Akwai kuma na mutumin da ya ciji hannun abokin faɗansa, mai hannun ya fizge, haƙorin mai cizon ya fita, suka kai ƙara Annabi (SAW) ya ce babu diyya. Ina son wannan hadisi sosai don ya nuna abin a ƙaramin ma'auni yadda kowa zai gane, hannunka na bakin mutum ka fizge, abin da ya samu haƙorinsa shi ya jawo wa kansa. Amma da bayan ya fizge hannun ya je ya ɗauko dutse ya dawo ya zubar mishi da sauran haƙoran, ai ka san hukuncin ba zai zama ɗaya ba.

Malamanmu na Malikiyya sun jera abin daki-daki. Sheikh Khalil a Mukhtasar ya ce ya halatta a tunkuɗe mai farmaki ko da kan dukiya ne, bayan an yi mishi gargaɗi in mai fahimta ne, kuma ba a nufin kashe shi sai in an san ba zai tunkuɗu ba sai da haka, har ya ce in kana iya kauce mishi ba tare da wahala ba to kar ka ji mishi rauni. Ko ɗan fashi sun ce in da hali a fara haɗa shi da Allah ya tafi kafin a yaƙe shi. Ka ga duk maganar a kan tsai da cuta take, abin da tsawa za ta kora ba a kai mishi sanda, abin da sanda za ta kora ba a kai mishi adda. Mai wuƙa a tsakar gidanka ƙarfe 3 na dare ba ya ba ka sararin gargaɗi, shi ya sa na ce taɓaryarka ta farko halas ce.

To amma daga lokacin da ya faɗi, wuƙar ta fita hannunsa, aka sa mishi igiya, farmaki ya ƙare. Mutumin da ke ɗaure ba ya iya cutar da kowa, ba abin da ya rage da za a kare. Duk sandar da ta sauka a kansa daga nan sunanta hukunci, ko ramuwa, kuma ba ɗaya daga cikinku da aka ba wannan aiki. Doka ta yarda kowa ya kama mai laifin da aka rutsa yana cikin yi, ya riƙe shi ya miƙa shi ga ƴan sanda ko jandarma mafi kusa, iyakar izinin kenan, kamawa da miƙawa.

Kuma kar ka zaci alƙali ba ya rarrabewa. Na sha zama ina rubutu ana karanta sartifikar likita a zauren shari'a, wanda ake tuhuma ya rantse kare kansa ya yi, sai alƙali ya ɗaga takarda ya ce to ga rauni ɗaya a gaban kafaɗa mun gane wannan, waɗannan bakwai da ke gadon baya da bayan cinya fa, da shatin igiya a wuyan hannu biyu? Sai ka ji wurin ya yi tsit. Akwai wani dattijo da har yau ban manta fuskarsa ba, akuyarsa aka sata, ya kama yaron, ya ɗaure shi, yaron bai kwana ba ya cika. Dattijon yana tsaye yana murza hularsa a hannu yana ta maimaita cewa ni fa aka yi wa sata, ni fa aka yi wa sata. Gaskiya ya faɗa, shi aka yi wa sata, amma abin da ke gaban kotu ranar nan rai ne, duka da gangan da ya jawo mutuwa ba da niyyar kisa ba, kuma wannan babban laifi ne mai shekaru a kaso. Na je gida ranar ban iya cin tuwo ba, saboda dattijon da kuma uwar yaron da ke zaune a benci na baya da mayafi a baki.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ita ce mai nauyin. Kare kai yana kallon abin da ke faruwa yanzu ne, ba ya buƙatar shaida ko bincike don wuƙar a gabanka take kana ganinta. Hukunci kuwa baya yake kallo, yana cewa wane ya aikata kaza, saboda haka ya cancanci kaza. Kowace gaɓa a wannan magana tana buƙatar a tabbatar da ita. Shi ne ya yi? Me ya yi takamaimai? Da hankalinsa? Shekarunsa nawa? Wa ya aiko shi, wa ke sayen kayan? Nawa ne daidai laifin nasa, ba ƙari ba ragi? Wanda aka cuta shi ne mutum na ƙarshe da zai iya amsa waɗannan da adalci, ba don mugu ne ba, don jininsa na tafasa. Annabi (SAW) ya hana alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, alƙali fa, wanda ba motonsa aka taɓa ba, to ina ga mai moto da taron da aka tayar daga barci? Shi ya sa malamai suka haɗu a kan cewa haddi da ƙisasi shugaba ne ko wanda ya naɗa ke tsai da su, ko waliyyin wanda aka kashe da Alƙur'ani ya ce an ba shi hujja, a ayar nan ta Suratul Isra'i aka ce kar ya wuce iyaka a kisa.

Ga kuma kuskure. Wata rana a Kasuwar Dole ina sayen kayan miya na ji an ɗauki ihun ɓarawo ɓarawo, kafin ka ce kwabo an kewaye wani yaro da bai fi shekara goma sha biyar ba, riga ta yage baki na jini, wai ya zare portabul daga aljihun wani. Masu dukan rabinsu ba su ma san abin da aka sata ba, sun ji ihu ne suka taho. Ana cikin haka aka kira lambar, wayar ta yi ƙara a cikin buhun da mai ita ya ajiye wajen mai albasa. Kowa ya sulale, ba wanda ya ce wa yaron yi haƙuri sai wata tsohuwa mai sai da kuka da ta wanke mishi fuska da ruwan butarta. Kotu ma tana kuskure, na gani da idona, amma kuskuren kotu yana rubuce, akwai ɗaukaka ƙara, ga kotun ɗaukaka ƙara nan cikin garin Damagaram, ana iya buɗe kaso a fito da mutum. Wanda taro ya kashe ba inda za a ɗaukaka. Balle masu taya da fetur, wannan ko sunansa ba na son ji, hadisi ya ce ba mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta.

In ka ce to ita hukumar da wace hujja take kulle mutum, ai kulle mutum ma cuta ce, tambaya ce mai kyau kuma masana sun daɗe suna kai ruwa rana a kanta. Wasu irin su Kant na Jamus suka ce hujjar ita ce cancanta kawai, ya yi laifi ya biya daidai laifinsa, kuma haramun ne a mai da mutum abin tsorata wasu. Wasu suka ce a'a, amfanin hukunci hana na gaba ne. Wani ɗan Italiya mai suna Bekariya ya rubuta a 1764 cewa abin da ke hana laifi shi ne mutum ya tabbata in ya yi za a kama shi a hukunta shi, tsananin azabar ba shi ne ke hanawa ba. Ni a ganina kowane ɗaya in ya tsaya shi kaɗai yana da rami. In tsoratarwa ce kawai hujja to ko marar laifi ka rataye mutane za su tsorata, kuma wannan zalunci ne tsantsa. In biyan bashi ne kawai kuwa ba ruwanka da abin da mutumin zai zama in ya fito. Alƙur'ani ya haɗa su, a Baƙara aya ta 179 ya ce kuna da rayuwa a cikin ƙisasi, wato tsare rayukan da suka rage, a Shura aya ta 40 ya ce sakamakon mummuna mummuna ne kwatankwacinsa, wato ma'auni, ya kuma ƙara da cewa wanda ya yafe ya gyara ladansa na wurin Allah. Cancanta ita ke buɗe ƙofar hukunci kuma ita ke sa mishi iyaka, tsare jama'a shi ne dalilin da ya sa ake wahalar yin sa.

Dubi yadda aka tsaurara kafin a yanke hannu, sai kayan sun kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami 3, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, sai da shaidu biyu adalai ko iƙirari, kuma shubuha tana kau da haddi. A Muwaɗɗa akwai labarin bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, Sayyidina Umar har ya ba da umarnin yanke hannu, sai ya dubi ubangidansu ya ce ina ganin yunwa kake bar su da ita, ya tambayi mai taguwa kuɗinta ya ce dirhami 400, ya sa Haɗib ya biya 800. Imamu Malik ya ce ba a aiki da ninkin kuɗin a wurinsu, amma abin da nike so ka gani shi ne tambayar da Umar ya tsaya ya yi, me ya kai su? Jikin dogon yaro ba wanda ke tsayawa wannan tambaya. Ba ina wanke ɓarawonka ba ne, mai shiga gidan mutane da wuƙa ba yunwa kaɗai ke tura shi ba, sau da yawa ƙwaya ce da abokan banza, mu a garin nan mun san yadda wasu ƴan pale, wato gungun samarin unguwa masu tada zaune tsaye, suka tashi da yadda wasunsu suka shiryu suka kama sana'a. Amma wanda zai rarrabe wannan da wancan sai ya zauna da sanyin kai.

Wani abu kuma, ƙasar nan da alƙalanta da sojojinta duka, hukuncin kisa yana nan cikin doka, kotuna suna yanke shi, amma rabon da a zartar da shi tun 1976 zamanin Seyni Kountché. A ce hukuma ta ɗaga hannu shekaru haka ko kan mai kisan kai, mu kuma mu kashe kan moto ko akuya ko waya, wannan bai yi tsari ba ta kowace fuska. In ramuwa ta kuɓuce kuma ba ta tsayawa kan mai laifi, abin da ya faru a Toda ta yankin Maradi a 1991 ya ishe mu, rikicin manoma da makiyaya ya ci sama da mutum 100, akasarinsu mata da yara da ba su san hawa ba su san sauka ba, alhali Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Saura ƙorafinka na cewa ana sakin su, kuma nan ba zan kare kowa ba don ƙorafin yana da tushe. Hukuma ta karɓe sanda daga hannunka ne bisa alkawarin za ta tsaya maka, in ta karɓe sandar kuma ta yi barci to ta ci amana, kuma duk jami'in da ya karɓi na goro ya buɗe wa ɓarawo ƙofa yana da kaso cikin jinin wanda taro zai kashe gobe, don shi ya koya wa mutane cewa kai ƙara ɓata lokaci ne. Talaka yana gani ana ɗaure ɓarawon tunkiya ana gaisawa da ɓarawon miliyoyi, alhali Annabi (SAW) ya ce abin da ya halaka na farko kenan, babba ya yi sata a ƙyale shi mai rauni ya yi a tsai da haddi, har ya rantse da Faɗima ce da ya yanke hannunta. Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari, mu ma muna da namu. Ƴan sanda ba su da ikon riƙe mutum sai awa 48 a laifi na yau da kullum, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara, daga nan ko a gabatar da shi da hujja ko a sake shi. Sau nawa na ga an kira shari'a mai kaya bai zo ba, wai ya samu kayansa shi ke nan, shaidu sun ce ba sa son shiga uku da dangin yaron, mutum talatin sun fito duka amma ba a samu biyu da za su tsaya gaban alƙali su ce mun gani ba. Alƙali ba ya ɗaure mutum da jita-jitar unguwa. Sannan wani sakin na wucin gadi ne, shari'a na nan tafe, mutane su ga yaro a gari su ce an sayar da magana.

Abin da zan ce ka yi, kar ka jira a aiko maka da takardar kira, gobe da safe ka shirya ka je komisariya da kanka tare da mai unguwa ko wani dattijo da ake jin maganarsa, ka kai ƙarar haurowa da yunƙurin sata, satar dare da makami a gidan da ake kwana hukuncinta ya fi na sata zalla nauyi nesa ba kusa ba. Wuƙar in tana nan kar kowa ya ƙara taɓa ta, makullin da ya lanƙwasa da sawun katanga ka ɗauke su hoto da waya tun kafin a share. In kana da hali ka ga aboka, wato lauya, kafin ka ba da bayani, in ba hali ka faɗi abin yadda ya faru bi da bi, har biyu ko ukun nan da ka ƙara, don sartifikar likita za ta faɗa ko kai ba ka faɗa ba, kuma alƙalai suna sassauta wa wanda aka tsokana cikin gidansa ya faɗi gaskiya fiye da wanda aka kama da ƙarya. Waɗancan biyu ko ukun ka nemi gafarar Allah a kansu tsakaninka da Shi. Ka kuma tura wani babba cikin danginku ya leƙa likita ya ga halin da yaron ke ciki, in ana neman kuɗin magani ƴan kartiye da suka sa hannu su haɗa, ka yi ta addu'a ya tashi, don in ya cika dosiyen zai koma na kisa kuma sunan da kowa ya sani a daren nan naka ne. In an sa ranar shari'a ka je, ka tafi da maƙwabta biyu da suka ga wuƙar a ƙasa, ka sanar da ni ranar in Allah ya kai mu zan zo in zauna kusa da kai.